Tambaya da Amsa: Ƙwayar Akkermansia, Ƙiba da Ciwon Sukari

Wasiƙun da suka iso filin lafiya a wannan watan sun fi karkata ga wata kafso da ake tallarta a WhatsApp da Facebook da sunan Akkermansia. Mun zaɓi waɗanda suka tattara yawancin abin da masu karatu ke son sani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a babbar kasuwar Maraɗi, shekaruna sun haura 50, kuma na daɗe ina fama da ciwon sukari, ina shan metformin safe da yamma kamar yadda likita ya rubuta mini. Kwanan baya wani abokin ciniki ya nuna mini kwalbar wata kafso, ya ce ƙwayar halitta ce ta hanji da Turawa suka gano, tana narkar da teɓa, tana kuma raba mutum da ciwon sukari kwata-kwata, kuma jika 30 ake sayar da kwalbar wata guda. Shin gaskiya ne? In na saya, zan iya ajiye maganin asibiti?
Daga wani Alhaji, unguwar Sabon Gari, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Zan fara da ƙarshen tambayarka domin a nan hatsarin yake: kada ka ajiye metformin saboda wannan kafso ko wata irinta. Babu wata hukumar magunguna da ta amince da Akkermansia a matsayin maganin ciwon sukari, kuma sukarin da aka bari ya hau yakan yi ɓarnarsa a ɓoye, a ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, tun kafin mai shi ya ji wani canji a jikinsa.

Sai dai ba duka maganar abokin cinikinka ce ƙarya ba, domin ƙwayar tana nan, kuma binciken da aka yi a kanta na gaske ne. A jikin kowane baligi akwai bakteriya da masana suka ƙiyasta yawansu da kusan tiriliyan 38, mafi yawansu a cikin babban hanji, kuma da dama daga cikinsu aiki suke yi mana ba cuta ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce Akkermansia muciniphila, wadda wata mai bincike mai suna Muriel Derrien ta fara warewa a shekarar 2004 a ɗakin binciken Farfesa Willem de Vos na Jami'ar Wageningen da ke ƙasar Holan, aka kuma raɗa mata sunan wani masanin ƙasar, Antoon Akkermans. A hanjin Turawa masu lafiya takan kai kashi 1 zuwa 4 cikin 100 na dukan bakteriyar da ke wurin. Abin da ya bambanta ta da sauran shi ne mazauninta da abincinta: tana zaune ne a cikin yauƙin da ya lulluɓe bangon hanji, wanda shi ne ke hana ƙazanta da miyagun ƙwayoyi taɓa naman hanjin, kuma wannan yauƙin ne take ci. Idan ta ci, takan fitar da wasu sinadarai da sauran bakteriya da jiki ke amfana da su, shi kuma hanjin yakan ƙara himmar samar da sabon yauƙi.

Hankalin masana ya koma kanta ne da aka lura cewa masu ƙiba da masu ciwon sukari irin na manya sukan kasance da ƙarancinta. A shekarar 2013 ƙungiyar Farfesa Patrice Cani ta Jami'ar Katolika ta Louvain a Beljiyam ta ba ɓerayen da ake ciyarwa da abinci mai maiƙo wannan ƙwaya da ranta, sai aka ga ba su tara kitse kamar ƴan'uwansu ba, yauƙin hanjinsu ya yi kauri, kuma jikinsu ya fi jin insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini. Da aka dafa ƙwayar a matsanancin zafi, amfanin ya ɓace. Amma a 2017 ƙungiyar ta ba da labarin wani abin mamaki: idan aka ɗumama ta a zafin digiri 70 na minti 30 kawai, ta mutu amma surar jikinta ba ta lalace ba, aikinta a jikin ɓeraye yakan ma fi na mai rai. Sun danganta hakan da wani furotin da ke bayan fatarta, wanda suka sa wa suna Amuc_1100, mai jure wannan zafin, kuma mai ƙarfafa shingen hanji.

Duk wannan a jikin ɓera ne. Gwajin farko a jikin mutane an wallafa shi a mujallar Nature Medicine a 2019, kuma ina so ka lura da adadin: mutum 40 aka ɗauka, 32 ne suka kai ƙarshe, aka kasa su gida uku. Wasu sun sha mai rai, wasu ɗumamammiya, wasu kuma garin wofi da babu komai a cikinsa, ƙwaya biliyan 10 a kullum har wata 3. Waɗanda suka sha ɗumamammiyar jikinsu ya ƙara jin insulin da kusan kashi 29 cikin 100 idan aka kwatanta da masu shan ta wofi, kitsen jini da ake kira kolestarol ya ragu da kusan kashi 9, nauyinsu kuma ya sauka da kilo 2 da ɗan wani abu, raguwar da su masu binciken da kansu suka ce ba ta kai a tabbatar da ita a lissafi ba. Mutanen masu ƙiba ne da jikinsu ya fara ƙin jin insulin, ba masu ciwon sukari da ke kan magani irinka ba. Ga kuma wani abu da ya kamata a faɗa ba don ɓata sunan kowa ba: Cani da de Vos su ne suka kafa kamfanin da ke sayar da ɗumamammiyar ƙwayar a Turai, shi ya sa ake bukatar wasu masanan da ba su da hannun jari su maimaita gwajin a kan jama'a masu yawa.

Gwajin da ya fi kusa da halin da kake ciki an yi shi a ƙasar Sin, an wallafa shi a 2025, a kan mutum 58 masu ƙiba da ciwon sukari, na tsawon mako 12. Da aka haɗa kowa da kowa, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin masu shan ƙwayar da masu shan ta wofi. Amfanin ya bayyana ne kawai ga waɗanda tun farko suke da ƙarancinta a hanjinsu. To ga inda zancen ya dawo kanka: bincike a kan ɓeraye da mutane ya nuna metformin da kansa yana ƙara yawan Akkermansia a hanji. Wato mai yiwuwa ne abin da ake son sayar maka jika 30 maganin da kake sha yana riga yana yi maka shi.

A Tarayyar Turai, hukumar kula da lafiyar abinci ta EFSA ta bayyana a 2021 cewa ɗumamammiyar ƙwayar ba ta da illa ga baligi idan bai wuce biliyan 34 a rana ba, aka kuma ba da iznin sayar da ita a 2022. Iznin na ƙarin abinci ne, ba na magani ba, kuma cewa abu ba ya cutarwa daban yake da cewa yana warkarwa. Da ni ne kai, Alhaji, da na kashe kuɗin nan a gwajin jinin da ke nuna matsakaicin sukarin wata 3, da awon ido da na ƙoda, domin su ne za su gaya wa likitanka ko maganin yana riƙe ciwon ko yana bukatar gyara.

TAMBAYA: Na karanta cewa nono da yogot suna ɗauke da ƙwayoyi masu amfani. Mu da muke shan fura da nono kusan kullum, shin muna samun wannan Akkermansia a ciki? In ba ma samu, wane abinci ne a cikin namu zai ƙara mana ita?
Daga wata malamar makaranta, Tasawa.

AMSA: Malama, nono yana da nasa ƙwayoyin, irin waɗanda ke tsamar da madara, kuma daddawa ma tana da nata, amma Akkermansia ba ta cikinsu. Ƙwaya ce da ba ta son iskar oksijin, ba ta yaɗuwa a ƙwarya ko a tukunya, kuma jariri kan same ta ne a hanjinsa tun cikin shekararsa ta farko.

Kafin in zo ga abinci, akwai abin da masu talla ba sa faɗa. Kusan duk alƙaluman da ake ambatawa game da wannan ƙwaya an samo su ne daga hanjin mutanen Turai, Amurka da Sin. Da masana suka duba hanjin mutanen karkarar Afirka, wani tsari daban suka gani. A 2010 wasu masu bincike daga Italiya suka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon a Burkina Faso da yaran birnin Florence. Yaran ƙauyen suna cin gero, dawa, wake da ganye, wato abincin da duk Bamaraɗe ya sani, kuma hanjinsu cike yake da bakteriya irin su Prevotella, masu iya narkar da dusa da zaren tsirrai, sannan sinadaran da ke ciyar da bangon hanji sun fi yawa a cikinsu fiye da na yaran Italiya. Haka kuma binciken da aka yi a kan ƙabilar Hadza ta Tanzaniya, masu rayuwa da farauta da tonon saiwoyi, ya nuna Akkermansia ba ta da yawa a cikinsu, alhali ƙiba ba matsalarsu ba ce. Har ma wasu masana na Jami'ar Stanford a Amurka sun sanya ta a jerin ƙwayoyin da ke yawaita a hanjin mutanen birane masu cin abincin masana'antu. Saboda haka, a ganina, kuskure ne a ɗauki yawan wannan ƙwaya guda a matsayin ma'aunin lafiyar hanjin mutumin Tasawa ko Mayahi.

Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Michigan a 2016 ya ƙara fito da maganar fili. An hana ɓeraye zaren abinci, wato ɓangaren hatsi da ganye da wake da cikin mutum ba ya narkarwa sai bakteriya, sai ƙwayoyin da ke cin yauƙi, har da Akkermansia, suka yawaita, suka cinye yauƙin har ya yi siriri, wata muguwar ƙwaya ta samu hanyar isa ga naman hanjin ta haddasa kumburi mai tsanani. Makiyayi ya san wannan: ciyawar da dabba ta ci sama-sama takan sake tohowa, amma wadda aka kwashe har saiwa takan bar fili fako.

Don haka abin da ke gabanmu shi ne ciyar da dukan jama'ar hanjin, kuma kayan aikin suna kasuwarmu da araha. Geron da ba a surfe shi fes ba ya fi wanda aka cire masa duk dusa. Wake, gujiya, miyar kuka, kuɓewa, zogale, rama, tafasa da yakuwa duk suna cike da wannan zare, haka ma garin ƴaƴan kuka da goruba. Abin da ke sauya hanjin mutanen birni shi ne komawa ga farar shinkafa, taliya, farin burodi da lemun kwalba, tare da shayi mai sukari sau uku a zama guda. Akwai gwaje-gwajen da suka nuna sinadaran da ke ba inabi da wasu ƴaƴan itatuwa launin ja suna ƙara Akkermansia a hanjin ɓeraye. Zoɓo yana da sinadarai na wannan dangi, amma irin sukarin da ake antaya masa kafin a ƙulla a leda yakan cinye ribar. Wani abin kiyayewa kuma shi ne shan maganin kashe ƙwayoyin cuta barkatai, irin su amoksisilin da ake saya wurin masu talla a kan kowace mura, domin ba ya tantance mai amfani da mai cutarwa.

TAMBAYA: An ce azumi yana ƙara wannan ƙwaya. Da gaske ne?
Daga wani ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Ƙoloɗo, Maraɗi.

AMSA: Akwai tushen maganar. A 2019 wasu masu bincike a Turkiyya suka auna hanjin mutum 9 kafin watan Ramadan da bayansa, suka tarar Akkermansia ta ƙaru. Dalilin da ake zato shi ne: idan abinci ya daina shigowa na sa'o'i masu yawa, ƙwayoyin da suka dogara da shi sukan ja baya, ita kuwa mai cin yauƙi abincinta bai yanke ba. Amma mutum 9 ba su isa a gina hukunci a kansu ba, kuma a matsayinka na ɗalibi ka riƙe cewa ƙaruwar ƙwayar ba ita ce lafiyar ba. An sha samun ta da yawa a hanjin masu cutar karkarwa ta Parkinson da masu wata cutar jijiyoyi da ake kira sikelerosis, ba tare da an tabbatar ko ita ce sanadi ko kuwa cutar da magungunanta ne suka jawo ta ba. A ɗaya ɓangaren, masana na cibiyar Gustave Roussy a Faransa sun nuna a 2018 cewa masu kansar huhu da ta ƙoda da ke da ita a hanjinsu sun fi amfana da wani maganin da ke tayar da garkuwar jiki. Mai ciwon sukari da ke shan magani kuwa, maganar azuminsa tsakaninsa da likitansa ce.

TAMBAYA: Na ji an ce daga bayan gidan mutum aka ciro wannan ƙwaya, kuma a jikin alade ake renonta. Ya halatta Musulmi ya sha?
Daga wani malamin allo, Tsibirin Gobir.

AMSA: Allah gafarta Malam, hukunci naku ne na malamai, abin da zan iya shi ne in shimfiɗa yadda abin yake domin hukuncin ya sauka a kan sani. Gaskiya ne daga bayan gidan wani mutum mai lafiya aka ware ƙwayar farko a 2004, amma abin da ke cikin kafso a yau zuriyarta ce da aka yi ta renonta a cikin tankunan masana'anta, babu wani ɓangaren bayan gida a tare da ita. Gaskiya ne kuma a farkon bincike ana renonta ne a cikin yauƙin da aka ciro daga tumbin alade, domin shi ne abincin da aka san tana karɓa. Wannan ne ma ya hana a ba mutane ita na tsawon shekaru, har sai da ƙungiyar Beljiyam da Holan ta haɗa mata wani abinci da babu kayan dabba a cikinsa, suka bayyana shi a rahotonsu na 2017, kuma da irinsa aka reni wadda aka yi gwajin 2019 da ita.

Inda shakka ta rage shi ne a wurare biyu. Na farko, kamfanoni da yawa yanzu suna sayar da kaya da wannan suna, kuma ba kowane ne ke bayyana yadda ya reni tasa ba. Na biyu shi ne ɓawon kafson kansa, wanda sau da yawa ake yin sa da jelatin na fata da ƙashin dabba, alade ko saniya, ko da yake akwai wanda ake yi da tsirrai, kuma kamfanin kirki yakan rubuta hakan a jikin kwalba. Kwalbar da ba ta da sunan kamfani da adireshinsa, da lambar rukunin da aka sarrafa, da ranar lalacewa, ba a iya cewa komai a kanta, ta fuskar addini ko ta fuskar lafiya.

TAMBAYA: Ina shayar da jariri ɗan wata 8, kuma na yi ƙiba sosai bayan haihuwa. Ƙanwar mijina ta kawo mini wannan kafso daga tafiya. Zan iya sha? Kuma yaron yakan yi gudawa, ko zan iya buɗe ɗaya in jiƙa masa?
Daga wata uwar gida, unguwar Bagalam, Maraɗi.

AMSA: Ƴar'uwa, amsar duka biyun a'a ce. Iznin da Tarayyar Turai ta bayar a 2022 na manya ne, kuma ya cire masu juna biyu da masu shayarwa a fili, saboda ba a gwada ta a kansu ba. Jariri kuwa ko kusa bai shiga lissafin ba.

Akwai kuma batun yadda kafson ya iso hannunki. Idan mai rai ce, irin wadda wasu kamfanonin Amurka ke sayarwa, iska da zafi suna kashe ta, kuma kwalbar da ta kwana a bayan mota a hanyar Ɗan Isa cikin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, sannan ta zauna a ɗakin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, da wuya a ce abin da aka rubuta a jikinta shi ne ya rage a ciki. Ɗumamammiyar ta fi jure ajiya, amma ita ma ba taki ba ce sai bayan yaye, kuma ko a lokacin ki fara nuna wa likita kwalbar.

Gudawar yaro tana da maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da tabbatarwa, kuma ana samun sa a asibitin unguwa. Ki ci gaba da ba shi nono ba tare da ragewa ba, ki jiƙa fakitin ruwan gishiri da sukari a cikin adadin tsabtataccen ruwan da aka rubuta a jikinsa, kina ba shi kaɗan-kaɗan bayan kowane zawo, sannan a haɗa masa da ƙwayar zinki kullum na kwana 10 zuwa 14, gwargwadon yadda aka nuna miki a asibitin. Idan kika ga jini a bayan gidansa, ko idanunsa sun faɗa, ko maɗigarsa ta loɓa, ko ya ƙi kama nono, ko zazzaɓi ya haɗu da gudawar, ki kai shi asibiti a wannan ranar, ko da dare ne.